Yadda Ake Gano Matsalar Mai a Injin Daddatsa Itace Mai Shan Dizal, da Yadda Mai Shi Zai Gyara da Kansa

Injin daddatsa itace, wato wanda ake cusa wa rassa ta baya ya feso su ta bututu sun zama ƙananan gutsattsari, yana cikin injunan da suka fi shan wuya a hannun masu su. Yana wuni a cikin ƙurar da shi da kansa yake tayarwa, yana jijjiga tun hantsi har la'asar, nauyin aiki yana faɗo masa farat ɗaya duk sa'ad da aka tura masa reshe mai kauri, kuma da zarar aikin ya ƙare sai a jingine shi a gindin bishiya wata biyu ko uku babu mai waiwayarsa. A nan Jos, inda masu gidajen kaji ke neman abin shimfiɗa, masu lambu ke neman abin rufe ƙasa, ga kuma itacen turare da aka daddasa a tsofaffin filayen haƙar kuza, mai irin wannan inji ba ya rasa aiki. Abin da yakan rasa shi ne haƙurin bin sawun matsala daki-daki a ranar da injin ya tsaya masa a tsakiyar gona.

A iya abin da na gani, ranar da inji ya ƙi tashi ko ya fara shaƙewa, kalmar farko da ke fitowa daga bakin mutane ita ce injekta, wato babban famfon da ke tura mai cikin inji, kuma nan da nan sai a kwance ta a nufi gareji da ita. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Datti, ruwa da iska su ne ke haddasa mafi yawan matsalolin mai, kuma dukkansu suna shiga ne ta ɓangaren da ke tsakanin tanki da filta, inda sifana biyu da ɗan guntun hos suka isa aiki. Saboda haka tsarin da zan bi a nan shi ne a fara daga tanki a yi gaba, daga abu mai araha zuwa mai tsada, kada a tsallake mataki don kawai zuciya ta raya cewa laifin yana can gaba.

Hanyar da mai ke bi

Ko injin Kubota ne, ko Perkins, ko Deutz, ko Yanmar, ko kuma ƙaramin injin Sin mai silinda ɗaya, hanyar man kusan ɗaya ce. Dizal, wanda a gidajen mai da gareji aka fi kiransa gas, yana fita daga tanki ya shiga filta ta farko, wadda galibi take da ɗan kofi a ƙasanta inda ruwa ke taruwa. Daga nan ƙaramin famfo ya jawo shi ya tura shi cikin filta ta biyu mai ƙananan ƙofofi, sa'an nan ya isa babban famfo, wanda bakanikai ke kira injekta. Ita ce ke matsa man da ƙarfi ta aika shi ta bututun ƙarfe zuwa nozul na kowace silinda, wato bakin da ke fesa man a cikinta, rarar da ta saura kuma ta koma tanki ta wani siririn hos. Daga tanki zuwa bakin injekta matsin bai taka kara ya karya ba, galibi bai ma kai na iskar tayar mota ba, wadda ke tsakanin bar 2 zuwa 2.5. Daga injekta zuwa nozul kuwa labari ya sha bamban, domin a tsofaffin injuna sai matsin ya kai bar 140 zuwa 250 nozul ke buɗewa, a sababbi masu kwamfuta kuma, waɗanda ake kira kwamon rel, yana haura bar 1,600. Wannan bambanci shi ne ke raba aikin mai inji da aikin ƙwararre.

Kafin a ɗora hannu a kan komai, a kashe injin, a zare makulli a sa a aljihu, a kuma jira faifan wuƙaƙen ya tsaya cak, domin nauyinsa yana sa ya ci gaba da juyawa bayan injin ya mutu, kuma a hankali yake juyawa ba tare da ƙara ba. Idan injin yana da kuloci, a raba shi da faifan kafin kowane gwaji. A share garin katakon da ya taru a kan injin da kewayen salansa, saboda busasshen gari da ya jiƙe da dizal a kusa da ƙarfe mai zafi gobara ce ke jiran lokaci. Kayan aikin ba su da yawa: sifanoni, sukudireba, kwalba mai haske, jarka mai tsabta, mita guda na hos mai haske wanda ake ganin abin da ke bi ta cikinsa, sababbin kilif, wasoshin jan ƙarfe, da filta ta canji. Mafi yawansu ana samun su a wajen masu sayar da kayan gyaran mota na Dilimi.

Abubuwan da ke kama da matsalar mai

Wannan inji yana da wata ɗabi'a da ke ruɗar mutane, wato yakan nuna alamun yunwar mai alhali man yana isa yadda ya kamata. Wuƙaƙen da suka dakushe su ne na farko. Idan injin yana tashi lafiya, yana ɗaukar totur lafiya, amma da an saka reshe sai ya durƙusa yana fitar da baƙin hayaƙi, a dubi abin da ke fitowa daga bututu. Gutsattsari masu tsabtar yanka suna nuna wuƙa mai kaifi, zare-zare da gari kuwa suna nuna wuƙar tana dukan itacen ne maimakon ta yanka shi, kuma babu filtar da za a canza ta magance wannan. Na biyu ita ce filtar iska, wadda a wannan aiki takan toshe cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu, lokacin da ƙurar sama ta haɗu da ta katako.

Na uku su ne makunnan kariya. Masu ƙera waɗannan injuna suna saka makunni a murfin faifai, a bakin da ake cusa rassa, da kuma jan maɓallin tsayarwa na gaggawa, kuma a samfura da yawa duk suna yanke wutar da ke buɗe hanyar mai. Murfin da bai zauna daidai ba, ko wayar da jijjiga ta tsinke, sun isa su sa inji ya yi ta juyawa bai kama ba. Ban yarda a haɗe wayoyin makunni a bar su haka ba, ko da na wuni ɗaya ne, domin an sa su ne saboda hannun mai cusa rassa. Haka kuma wanda ya saba da injin zai san cewa tsayawar da nadin jan rassa ke yi lokaci zuwa lokaci ba lalacewa ba ce, na'ura ce ke dakatar da shi idan gudun injin ya sauka, har ya farfaɗo.

Akwai kuma batun tudu. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskarta ba ta kai ta ƙasa kauri ba, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara cusa masa iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Ke nan injin da aka gwada a Legas aka kawo shi nan zai rage ƙarfi da kusan kashi 10 ko fiye, zai kuma ɗan ƙara hayaƙi idan ya ɗauki nauyi. Wannan halin wuri ne, maganinsa kuwa a rage kaurin reshen da ake ba shi. Dangane da sanyin Disamba da Janairu, bai kai wanda ke daskarar da dizal a ƙasashen Turai ba, don haka injin da ke wahalar tashi da asuba kawai, amma da rana yana tashi bugu ɗaya, a fara da duba hita, wato abin da ke ɗumama silinda kafin a tayar, da kuma batir.

Abin da alamun ke faɗa

Idan an kawar da waɗannan, sai a saurari injin. Wanda ke juyawa bai kama ba, kuma babu ko ɗigon hayaƙi daga salansa, mai ba ya isa silinda sam, kuma zargi yana kan tanki, iska ko solanoyid, wato makullin lantarki da ke buɗe hanyar mai. Wanda ke juyawa yana fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal, man yana isa amma ba ya ƙonewa, wanda ke nuna hita, ruwa a cikin mai, ko nozul mai zubarwa. Wanda ya tashi na 'yan daƙiƙoƙi ya mutu, ya ƙone ɗan man da ya kwana a cikin injekta ne, bayansa kuma iska ce. Wanda ke aiki lafiya a silo, wato a ƙaramin gudu ba nauyi, amma ya shaƙe idan an ba shi nauyi, ba tare da baƙin hayaƙi ba, yunwa yake ji, kuma filta ce ta fi zama sanadi. Wannan bambanci na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai: shaƙewa da baƙin hayaƙi tana nufin iska ta yi kaɗan ko nauyi ya yi yawa, shaƙewa ba hayaƙi tana nufin mai ya yi kaɗan. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan wani babi ne dabam.

Tanki da abin da ke cikinsa

A buɗe murfin tanki a leƙa da tocila, kada a dogara da allurar da ke nuna yawan mai, domin jijjiga takan lalata ta da wuri. A lura kuma da yadda aka ajiye injin. Gonakinmu da yawa a kan gangare suke, kuma tankin da saura kwata idan ya karkata, bakin bututun da ke zuƙar mai yakan fito sarari ya zuƙi iska.

Murfin kansa yana da ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka sha. Na taɓa ɓata wuni guda a wata gona da ke hanyar Bukuru a kan inji da ke aiki na kamar minti ashirin ya mutu, a bar shi ya huta ya tashi, ya sake mutuwa. Mun canza filta, mun cire iska har sau uku, sai da yaron da ke taya ni ya buɗe murfi don ya ƙara mai muka ji tankin ya ja numfashi. Garin katako ne ya haɗu da maiƙo ya toshe ramin. Tun daga ranar, duk injin da ya mutu bayan ya yi aiki na ɗan lokaci, murfin nake fara sassautawa in saurara.

Sai ingancin man. A zuba kaɗan daga ƙasan tanki ko daga kofin filta ta farko a cikin kwalba mai haske, a ajiye ta minti goma a inuwa. Ruwa ya fi dizal nauyi, lita guda ta dizal tana tsakanin giram 820 zuwa 860, ta ruwa kuwa kilo guda ce, saboda haka ruwan zai kwanta a ƙasa da iyaka bayyananniya. Mai da ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara yana ɗauke da ruwan da ya gauraye da shi. Idan kuma aka ga baƙin abu mai yauƙi, ƙananan halittu ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da mai, kuma suna yawaita ne a tankin da aka bari rabi tsawon damina. Irin wannan tanki sai an juye shi duka, an wanke shi da dizal mai tsabta, an hure hos ɗin, in ba haka ba sabuwar filta ba za ta yi mako ba.

Ruwan yana zuwa ta hanya biyu. Ko dai an sayo shi tare da man, ko kuma ya taru a tankin da kansa, domin a garin da rana ke zafi dare ke sanyi kamar namu, iskar da ke cikin tanki tana yin raɓa a bangonsa kowane dare. Man da aka sayo a jarka a bakin titi wajen 'yan bumburutu yana iya zuwa da kananzir a ciki, kuma illar kananzir ita ce ba shi da santsin da injekta ke dogara da shi, domin man da ke bi ta cikinta shi ne ke shafe ƙarafanta. Idan kuwa kuskure aka yi aka zuba fetur, kada a kunna ko sau ɗaya, a juye tankin tukuna.

Gwajin jarka

Idan har yanzu ba a gano bakin zaren ba, akwai gwaji guda da ke raba matsalar gida biyu, kuma na fi amincewa da shi a kan kowane. A cire hos ɗin da ke shiga ƙaramin famfo, a saka hos mai haske a madadinsa, a tsoma ɗaya bakin a cikin jarkar dizal mai tsabta da aka ɗora a wuri mai ɗan tudu, nesa da salansa da bel. A cire iska kamar yadda zan bayyana, a tayar da injin, a ba shi aiki. In ya warke, laifin yana baya: tanki, bututun cikinsa, filta ta farko ko tsohon hos. In bai warke ba, an wanke duk waɗannan, sai a fuskanci ƙaramin famfo, filta ta biyu da abin da ke gabansu. Rarar man za ta ci gaba da komawa tanki, don haka jarkar takan ƙare da sauri fiye da yadda ake zato.

Canza filta ba shi da wuya, amma a nan ake yawan jawo sabuwar matsala. A wanke kewayen kan filtar kafin a kwance, a tabbata tsohuwar robar ba ta manne a sama ba, domin roba biyu a haɗe ƙofar iska ce. A shafa ɗan dizal a sabuwar robar, a ɗaure da hannu har ta taɓa, a ƙara kamar rabin juyi ko kaɗan fiye da haka, ba da sifana ba. Littattafan injuna da yawa suna sa canji tsakanin awa 250 zuwa 500 na aiki, amma da irin ƙurarmu da irin manmu gara a karkata ga ƙaramin adadin. Tsohuwar filtar kuma kada a yar da ita nan take, a juye abin da ke cikinta a kwalba a duba. Tsatsa tana nuna tanki, yauƙi yana nuna ruwa, ƙyalƙyalin ƙarfe kuwa yana nuna wani famfo yana cin kansa. Al'adar wanke filtar takarda da fetur a mayar da ita gyaran gangar Auzinawa ce, domin takardar tana yagewa ta saki dattin da ta tare ya wuce gaba.

Iska, da yadda ake fitar da ita

Iska ta fi kowace matsala wahalar kamawa, saboda a ɓangaren da famfo ke zuƙa, rami yana shigar da iska ba tare da ya zubar da mai ba. Mutum zai duba ƙarƙashin inji ya ga ƙasa a bushe ya ce babu yoyo, alhali hos ya tsage a ƙarƙashin kilif. A wannan inji jijjiga ce ke yin ɓarnar: tana sassauta kilif, tana goga hos a jikin ƙarfe, tana tsaga bututun da ke cikin tanki. Alamar tsagewar wannan bututu ita ce injin ya yi lafiya idan tanki a cike yake, ya fara tari idan man ya sauka ƙasa da inda tsagar take.

Hanyar ganowa ita ce a saka guntun hos mai haske daf da shigar injekta a kalli man yana wucewa. Idan ana ganin kumfa, a matsar da guntun baya mataki-mataki, bayan filta, kafin filta, bayan famfo, kafin famfo, har a isa inda man ke wucewa garau. Tsakanin wurin da ya fito garau da wurin da ya fara kumfa, nan ramin yake. Wasoshin jan ƙarfe da ke kan notin da mai ke bi ta cikinsa sau ɗaya ake amfani da su, idan an kwance a sa sababbi. Siraran hos na mayar da rara da ke tsakanin nozul su ma a taɓa su, domin idan sun bushe sun tsattsage suna barin mai ya sulale ya koma tanki cikin dare, da safe a sha wahalar tayarwa.

Fitar da iskar kuwa ga yadda ake yi. A cika tanki, a buɗe famfon da ke ƙarƙashinsa idan akwai, a sassauta ɗan notin da ke saman kan filta juyi ɗaya ko biyu. A yi ta danna hannun ƙaramin famfo har kumfa ta ƙare man ya fito zalla, a ɗaure notin yayin da man ke fita. A maimaita haka a notin da ke jikin injekta. Idan hannun famfon ya yi sakwa-sakwa kamar ba ya jan komai, ba lallai ne ya lalace ba, wataƙila injin ya tsaya ne a daidai inda ya danne shi, sai a ɗan juya injin kaɗan a sake gwadawa. Injunan da ke da famfon lantarki galibi suna fitar da iskar da kansu idan aka murɗa makulli aka bar shi kamar minti guda ba a buga ba.

In duk da haka bai tashi ba, kuma injin tsohon samfuri ne marar kwamfuta, a sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul rabin juyi, a ɗora tsumma a kai, a buɗe totur, a buga kik har mai ya fara tsartuwa, sa'an nan a ɗaure. Kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a kuma ba kik hutun kamar minti guda a tsakani, domin kik ɗin da ya ƙone ya fi filta goma tsada. Dabarar fesa fetur ko wani abu mai saurin kamawa a bakin iska ba ta da wuri a nan, musamman a injin da ke da hita, inda abin zai iya kamawa kafin lokaci ya fasa zobe ko fistin.

Ƙaramin famfo da solanoyid

Gwajin ƙaramin famfo mai sauƙi ne. A cire hos ɗin da ke fita daga gare shi, a sa bakin a kwalba, a zare wayar solanoyid don kada injin ya tashi, a buga kik. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Na lantarki kuma ana jin ƙaransa da an murɗa makulli, in shiru ne a duba fis da waya kafin a yanke masa hukunci. Akwai wata lalacewa da ba ta nuna kanta a waje: idan fatar da ke cikin famfon ta yage, dizal yakan gangara cikin baƙin mai. A zaro sandar awo, in baƙin man ya haura alama, ya tsinke, yana warin dizal, a daina aiki nan take, a canza famfon da baƙin man da filtarsa gaba ɗaya.

Solanoyid ɗan makullin lantarki ne da ke jikin injekta, shi ke buɗe hanyar mai idan an murɗa makulli, ya rufe idan an kashe. A sa wani ya murɗa makulli, mai dubawa ya ɗora yatsa a kansa, zai ji ya yi ƙwas. Idan bai yi ba, a auna ko wutar volt 12 tana isa gare shi. In ba ta isa, laifin yana fis, rile ko makunnan kariyar da na ambata, in tana isa bai motsa ba, shi ne ya mutu. Raunin batir ma yana iya hana shi riƙewa a lokacin da kik ke jan wuta.

Inda aikin mai inji ya tsaya

A tsohon samfuri ana iya gano silindar da ba ta aiki. A bar injin a silo, faifai a rabe, a sassauta notin nozul ɗaya bayan ɗaya da tsumma a kai. Wadda aka sassauta sautin injin ya faɗi, tana aiki. Wadda aka sassauta babu abin da ya canza, ita ce abin zargi, ko da yake raunin matsin silindar ma yana ba da alama iri ɗaya. Kada a taɓa laluben yoyo da yatsa a wannan ɓangare, domin siririn feshin yana huda fata ya shiga nama, ramin ya yi kamar tsinin allura amma ciki ya ruɓe. Wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa a take, ya kuma gaya wa likita cewa dizal ne ya shiga da matsi. A injin kwamon rel kuwa ba a sassauta bututun ƙarfe ko kaɗan, a kunne ko jim kaɗan bayan an kashe, aikinsa na mai na'urar karanta kwamfuta ne.

Cire nozul a kai wa masu gwaji abu ne da mai inji zai iya. A wanke wurin tukuna, a sa wa kowane alama, a toshe bakunan da aka buɗe da leda mai tsabta, a nemi a gwada su a gaban idonsa. Lafiyayyen nozul yana buɗewa a daidai matsin da littafin ya faɗa, yana feshi kamar hazo, ya yanke tsaf ba ɗiga. Idan za a mayar, kowane da sabuwar washarsa. Injekta kuwa ba a buɗe cikinta a gona, ba a kuma taɓa notin da aka ɗaure da waya ko aka shafa wa fenti da sunan ƙara ƙarfi, domin abin da ke ƙaruwa hayaƙi ne da zafi. A wasu injuna, irin ƙananan Kubota, akwai siraran faranta a ƙarƙashinta waɗanda su ne ke daidaita lokacin feshi, duk wanda ya cire ta ya ƙirga su ya mayar da su yadda ya same su.

Bayan an gyara, abin da ke hana komawa gidan jiya yana wajen zuba mai. A cika tanki da yamma bayan an tashi daga aiki, don raɓa ta rasa wurin taruwa. A share kewayen murfi kafin a buɗe, a yi amfani da mazurari mai raga, a ajiye shi cikin leda, tsumma kuwa zarensa yake bari a cikin man. Wanda ke ajiye mai a duro ya bar shi ya kwana kafin ya ɗiba, kada bakin hos ya kai ƙasa, kuma ya guji bokiti ko duro mai rufin tutiya, domin dizal yana cin tutiyar ya kai ta nozul. Kowace safiya a leƙa kofin filta a zubar da ruwan da ya taru, a rubuta kwanan wata da awon aiki a jikin sabuwar filta da alƙalamin da ba ya gogewa. Idan za a jingine injin tsawon damina, a cika tankin, a rufe shi da tamfol ta yadda ruwa ba zai kwanta a kan murfi ba, a kuma riƙa tayar da shi duk mako biyu ana barinsa har ya yi zafi.